Ɗaki Ne Rabin Lasifika: Abin da Ya Sa Wufa Mai Tsada Ke Gunji a Falo

A yawancin shagunan kayan sauti, daga Sabon Gari a Kano zuwa kasuwar Wuse a Abuja, hanyar gwada kaya ɗaya ce. Mai shago zai jona wufa, ya murɗa maɓallin bes har ƙarshe, ya saki waƙa, sannan ya zuba wa mai saye ido. Idan gilashin kanta ya ɗauki rawa, ƙirjin mai saye ya amsa, ciniki ya faɗa. Sai an kai kayan gida labari yake sauyawa. A kan doguwar kujerar da ke jingine da bango, bes ɗin ya cika kunne har kai ya yi nauyi. A tsakiyar falo kuwa kamar an ɗauke shi da hannu. Muryar mai karanta labarai ta koma kamar daga cikin tulu take fitowa, maƙwabci kuma ya fara gaisuwa a daƙile.

Abin da mai kayan kan yanke shi ne an cuce shi, ko kuma kuɗinsa ne bai kai ba, don haka sai ya fara tanadin sayen wadda ta fi girma. A mafi yawan lokuta wannan hukunci kuskure ne. Abin da kunne ke ji a cikin gida aikin abu biyu ne, lasifika da ɗakin da aka ajiye ta, kuma a ɓangaren sauti mai kauri ɗakin ne ke da babban rabo. Wanda ya fahimci haka zai iya gyara sautin gidansa da yamma ɗaya ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Wanda bai fahimta ba zai yi ta ƙara kuɗi yana ƙara gunji, yana cutar da kunnensa da na iyalinsa.

Abin da bango ke yi wa sauti

Sauti kaɗawar iska ne, kuma ana auna shi da yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa guda, wato Hz. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga kusan 20 zuwa 20,000. Abin da ake kira bes shi ne na can ƙasa, kuma aikin wufa ya fi ƙarfi daga 20 zuwa 80 ko 100. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka kowace kaɗawa tana da tsawonta a sarari. Igiyar sauti mai 1,000 Hz ba ta wuce santimita 34 ba. Mai 80 Hz ta haura mita 4. Mai 40 Hz kuwa ta kusa mita 9, ta fi yawancin falukan gidaje tsawo.

A nan matsalar take. Igiyar da tsawonta ya yi daidai da girman ɗaki ba ta wucewa ta ɓace. Tana bugun bango ta dawo, ta haɗu da wadda ke biye da ita. A wasu wurare su biyun suna ƙarfafa juna, sauti ya ninka. A wasu wuraren suna kashe juna, ya kusa ɓacewa. Waɗannan wurare ba sa motsi, domin girman ɗakin ne ya kafa su. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 343 da ninkin tazarar da ke tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Falo mai tsawon mita 5 zai riƙa kumbura sauti a wajen 34 Hz, faɗinsa na mita 4 kuma a wajen 43 Hz, sai kuma ninke-ninken waɗannan.

Yanzu a ɗauki ɗakin da magina suka fi sabawa da shi, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wato kusan mita 3.7 kowane gefe. Tsawonsa da faɗinsa duka suna kumbura sauti ɗaya, wajen 47 Hz, wanda yake dab da mafi kaurin sautukan jitar bes. Duk lokacin da makaɗi ya taɓa wannan sauti, ɗakin zai amsa da ƙarfi ninki biyu, ya kuma ci gaba da amsawa bayan makaɗin ya wuce. Shi ya sa a gidaje da yawa kowace waƙa bes ɗinta iri ɗaya ne, dum-dum-dum, ko amapiano ce ko waƙar fim ɗin Hausa. Ɗakin ne ke rera sautinsa guda ɗaya a kan kowane kiɗa. Bambancin ƙarfi tsakanin kujera da kujera a ɗaki ɗaya kan kai desibel 15 ko 20, alhali ƙarin desibel 10 kaɗai kunne yana jinsa kamar an ninka ƙara.

Akwai kuma abin da takardar bayanin da ke cikin kwali ba ta faɗa. Yawancin gidajen Amurka, inda shawarwarin kayan sauti da dama suka samo asali, da katako da allon jifsam ake yin bangonsu. Irin wannan bango yana ɗan lanƙwasawa, ya sha wani ɓangare na bes, ya bar wani ya fice. Bangon bulo da siminti ba ya sassauci, kusan duk abin da ya buge shi sai ya mayar. A haɗa shi da daɓen tayil da tagogin gilashi da falo marar yawan kaya, a samu ɗakin da ya fi kowane iya gunji. Gidan da ya fi kyau a ido sau da yawa shi ne ya fi wahalar da kunne.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A 1895 Jami'ar Harvard ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a iya fahimtar maganar mai magana a cikinsa. Ya shafe dare da yawa yana jigilar matasan kujeru daga wani zaure zuwa ɗakin, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Daga wannan aiki ilimin sautin gine-gine ya tsiro, kuma da shi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Darasin tun wancan zamani shi ne, kayan da ke cikin ɗaki da siffarsa suna cikin abin da ake ji.

Abin da gunji ke haɗiyewa

Wani zai ce, to mene ne laifin bes mai yawa, tunda son rai ne? Laifin shi ne ba ya ƙaruwa shi kaɗai, sai ya danne wani abu. A yadda kunne ke aiki, sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana rufe wanda ya fi shi siranta, fiye da yadda siririn ke iya rufe mai kaurin. Tushen muryar namiji baligi yana tsakanin kusan 85 zuwa 180 Hz, a kan iyakar da wufar da aka sake ke yin ɓarna. Baƙaƙen da ke bambanta kalma da kalma kuwa suna can sama, kuma ba su da ƙarfi, don haka su ne farkon nutsewa.

Ga mai jin Hausa asarar ta fi girma. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke sauya ma'ana, kuma kiɗan gargajiya a kan wannan aka gina shi. Kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsirkiya yana sassautawa, fatar tana hawa tana sauka kamar harshe. A waƙoƙin Mamman Shata, zancen da ke tsakanin mawaƙi da kalangai da 'yan amshi shi ne daɗin abin. Haka kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ƙwaryar Barmani Choge. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar girgiza bango. Abin da suke buƙata shi ne a ji kowane bugu daban, a ji inda ya fara da inda ya tsaya. Wufar da ta fi ƙarfin ɗaki tana mayar da kalangu ganga marar harshe. Haka take yi wa karatu da wa'azi da labarai, har mutum ya riƙa ƙara murya don ya fahimci magana, alhali abin da ya kamata shi ne ya rage bes.

Inda ake ajiye kaya

Gyara yana farawa daga manyan sifikoki biyu, na dama da na hagu. Su da wurin zaman mai sauraro ya kamata su yi kusurwa uku mai gefe daidai: in tazarar da ke tsakaninsu mita 2 ce, mai sauraro ma ya kasance kimanin mita 2 daga kowace. Ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya daidaita da tsayin kunnen wanda ke zaune, a ɗan karkato su zuwa gare shi. Rataye su can kusa da silin, ko cusa su cikin dibaida tsakanin kwanuka da furanni, yana ɓata sautin tun kafin ya fito. A kuma duba wayoyi: ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka biyun. Idan aka juya na guda ɗaya, yayin da ɗaya ke tura iska ɗayar ja take yi, bes ya tsiyaye ba tare da an san dalili ba.

Sai wurin zama. Tsakiyar ɗaki cif shi ne inda sautin da ɗakin ya fi kumburawa yake mutuwa, jikin bango kuma shi ne inda yake taruwa. Tsarin falon da aka saba, inda kujeru ke zagaye manne da bango, yana ajiye kowa a wurin da gunji ya fi yawa. Jawo doguwar kujera gaba da ko da rabin mita yakan kawo bambancin da kunne zai shaida nan take.

Wufa kuwa tana da wata dama da sauran ba su da ita. Ƙasa da wajen 80 Hz kunne ba ya iya tantance daga ina sauti ke fitowa, don haka ba dole ba ne ta zauna kusa da talabijin. Ana iya kai ta duk inda ɗakin ya fi karɓarta. Hanyar gano wurin tana da ban dariya, amma tana da tushe: sauti daga wuri na farko zuwa na biyu daidai yake da daga na biyu zuwa na farko. Sai a ɗora wufar a kan kujerar da aka fi zama, a saki waƙar da bes ɗinta ke hawa da sauka, mutum ya durƙusa ya bi gefen bango da rarrafe, kansa a tsayin da wufar za ta kasance. Inda ya ji kowane sauti ya fito daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya yi tsalle babu wanda ya ɓace, nan ne mazauninta. Ba inda ya fi ƙara ake nema ba. Lungu yana ƙara wa wufa ƙarfi sosai, domin bango biyu da daɓe suna taya ta, amma yana tayar da duk gunjin ɗakin gaba ɗaya. Ga ƙaramar wufa a babban falo lungu na iya zama taimako, ga ɗaki mai murabba'i kuwa sau da yawa masifa ne.

Maɓallai uku

A bayan wufa mai kyau akwai maɓallai uku. Na farko shi ne mai lambobi daga wajen 40 ko 50 zuwa 150 ko 200. Wannan mararraba ce, inda manyan sifikoki ke miƙa wa wufa aiki. Ma'aunin da aka fi bi shi ne 80, wanda tsarin THX, da ya samo asali a kamfanin Lucasfilm a 1983, ya yaɗa a kayan gida. In sifikokin manya ne masu tsayawa a ƙasa ana iya saukowa zuwa 60, in ƙanana ne a hau zuwa 100 ko 120. Murɗa shi har ƙarshe, kamar yadda ake yi a shago, yana shigar da muryar mutum cikin wufa, kuma daga nan maganar cikin tulu take samo asali. Sai dai idan amfilifaya ce ke yin rabon da kanta, to a nan ana buɗe na wufar har ƙarshe, don kada a tace sauti sau biyu.

Na biyu shi ne wanda aka rubuta 0 da 180 a jikinsa. Aikinsa daidaita turawar wufa da ta sifikoki a daidai mararraba. Mutum ɗaya ya zauna a kujera, wani ya riƙa juya maɓallin. Inda bes ya fi cika a wurin zama, a bar shi nan.

Na uku shi ne na ƙarfi, kuma a nan ne son zuciya ke shigowa. Hanya mafi aminci ita ce a sauke shi ƙasa, a riƙa ƙarawa a hankali har a fara jin wufar a matsayin wani abu daban, sannan a ɗan rage. Wufar da ta zauna daidai ba a lura da ita sai an kashe ta, a ji kiɗan ya rame. Kamar gishiri ce a miya, wanda in har shi aka fara ji a baki, to ya yi yawa. A kuma daidaita ta a ƙarar da aka saba sauraro. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakunan binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin sauti mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Wanda ya saita wufa a ƙaramar murya da dare, zai same ta tana ruri idan ya ƙara da rana.

Ƙananan kayan da suka fi yawa a kasuwa, masu wufa ɗaya da 'yan sifikoki kamar gwangwanin madara, ba su da waɗannan maɓallai duka. 'Yan sifikokin ba sa iya sauka ƙasa, don haka wufar tana ɗaukar sauti har 150 ko fiye, inda kunne ke iya gane wurinta. Irin wannan a ajiye ta gaba, tsakanin sifikokin biyu, a ɗan janye ta daga bango, a bar maɓallin bes a wajen tsakiya. Kada kuma lambar da ke jikin kwali ta ruɗi kowa. Dubban wat da ake rubutawa da haruffan PMPO ba su da wani ma'auni da aka yarda da shi. Lambar da ke da ma'ana ita ce ta RMS, kuma ko ita ninka ta biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa.

Abin da labule ba zai iya ba

Kafet da labule mai kauri da kujerun kushin suna da amfani ƙwarai wajen kashe amsa-kuwwar tayil, kuma suna fito da magana sarai. Amma ba sa taɓa bes, domin abu mai kaurin 'yan santimita ba ya tare igiya mai tsawon mita 7. Kwalayen ƙwai da ake mannawa a bangon wasu ƙananan situdiyo ma haka suke. Na'urorin zamani masu auna ɗaki da makirfo, irin su Audyssey da Dirac Live da YPAO na Yamaha, ko manhajar REW da ake samu kyauta, suna iya rage sautin da ya kumbura. Abin da ba za su iya ba shi ne cike ramin da igiyoyi suka kashe juna, domin duk ƙarfin da aka ƙara a nan, shi ma kashe kansa zai yi. Wannan sai dai a matsar da wufa ko kujera. Ga mai hali, binciken da Todd Welti ya yi a kamfanin Harman a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa wufa biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna suna daidaita bes a kujeru da yawa fiye da guda ɗaya. Matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya.

Haƙƙin kunne da na maƙwabci

Masu son bes suna da hujjarsu, kuma ya kamata a ba su. Kiɗan zamani da yawa an gina shi ne a kan sauti mai kauri, kuma gwaje-gwajen sauraro sun nuna cewa yawancin mutane sun fi son bes ya ɗan ɗara a cikin ɗaki. Babu laifi a ƙara desibel kaɗan bayan an daidaita. Bambancin shi ne, wanda ya daidaita sannan ya ƙara shi ya zaɓi abin da yake ji, wanda bai daidaita ba kuwa magini ne ya zaɓar masa.

Akwai kuma iyakar da son rai ba ya tsallakewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan sun mutu ba sa dawowa. Sautin da bai fita sarai ba shi ke sa a yi ta ƙara murya, kuma yaran da ke wasa a gaban sifika sun fi kowa kusa da ita.

Bango kuma yana tare siririn sauti fiye da mai kauri. Abin da ke isa ɗakin maƙwabci ba waƙa ba ce, bugu ne kawai marar kalma, wanda rufe taga ba ya hanawa. A gidan haya mai bango ɗaya, wufar da ke manne da wannan bango tana kwana a ɗakin wani. Nijeriya tana da dokar ƙayyade hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma tun kafin doka al'ada da addini sun riga sun faɗi matsayin maƙwabci. Janye wufa daga bangon da aka haɗa, da ɗora ta a kan roba mai kauri don rage girgizar daɓe, da sauke ta bayan sallar isha'i, duk ba su da tsada.

Kafin a koma kasuwa neman wadda ta fi girma, ya dace a ba ɗakin yamma ɗaya. A jawo kujera, a yi rarrafen, a mayar da mararraba 80, a sauke ƙarfi, sannan a saka tsohon faifan Shata. Idan aka ji kalangu yana magana, aka kuma fahimci abin da yake faɗa, to kayan sun zauna.